Ragowar Kayan Miyar Asiya

Birnin Kebbi,
ranar Asabar.

Zuwa ga Asiya, uwar Mubina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kin isa Argungu lafiya, kin kuma iske Baba Hodi da Inna da sauran mutanen gida cikin ƙoshin lafiya. Yaya Mubina, tarin nan nata ya sauka? Idan kuma kin tambayi tawa lafiyar, ina nan kalau, sai dai na ɗan rame.

Na san gabanki zai faɗi idan Arzika direba ya miƙa miki wannan takarda, tunda ta ƙarshe da kika karɓa daga hannuna ta saki ce. To ki kwantar da hankalinki, wannan ba irinta ba ce. Saki ɗaya na yi miki, kuma kin sani na sani, muddin ba ki gama idda ba kalma ɗaya ta isa in mayar da ke ɗakinki. Ban rufe zancen ba. Ina dai nazari ne.

Ba na son tono abin da ya wuce, amma ki duba da kanki. Da aka ba mu sabuwar jiha aka kwaso mu daga Sakkwato, manyan mutane nawa ne suka rasa wurin sa haƙarƙarinsu a garin nan? Wasu har yau su uku-uku suke kwana a ɗaki ɗaya kamar 'yan makarantar kwana. Ni Allah ya ɗaga ni, aka ba ni gida a kwatas, katanga ɗaya da Darakta. Sai ke kuma kika rasa abin da za ki yi godiya da shi sai kafa rabin durum a bayan kicin, kina bandar tarwaɗar da Baba ya aiko miki. Hayaƙi ya bi ta kan katanga ya kama leshin matar Darakta a kan igiya. Ina tsaye ta shigo tana toshe hanci da gefen gyale. Washegari tun daga bakin ƙofar ofis har teburina ake ce mini Sarkin Ruwa, har da masinja. Na gaya miki tun a Sakkwato cewa ɗiyar masunci daban, matar ma'aikacin gwamnati daban, kuma sai kin zaɓi ɗaya. Ba ki ji ba.

To a bar wannan. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne cikina. Tun da kika tafi nake cin abincin wata mata a bayan ofis, shinkafa kamar tsakuwa, miya kamar an wanke tukunya. Shekaranjiya ina tsakar rubutu sai ƙamshin miyar kuɓewarki ya faɗo mini a rai, wadda kike yi da bandar kifi da tuwon jar shinkafa ranar Juma'a. Wallahi Asiya sai da na ajiye biro. Abokin aikina Dikko ya tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce masa ya fi zazzaɓi.

Da na dawo gida na buɗe kicin ɗinki, karo na farko tun tafiyarki. Ashe kin bar mini dukiya. Akwai bandar tarwaɗa a cikin kwando an rufe da takarda, wato ita dai mai laifin. Akwai garin busasshiyar kuɓewa rabin gwangwani, da daddawar batso a ƙulle cikin tsumma, da barkono, da ɗan man shanu a gindin kwalba, da shinkafar fadama a ƙasan buhu. Akwai kuma wata kwalba a lungu mai wani ruwa ja-ja kamar shayi, ban san ko na mene ne ba. Na so in zubar, sai na ce kada ya zama maganin Mubina.

Ba na son kayan nan su lalace, almubazzaranci ne. Don haka ki rubuto mini yadda kike yin miyar, daki-daki, me ke fara shiga tukunya, me ke biyo baya. Kin yi firamare, rubutunki ba laifi. Zan gwada da kaina, in ci, in tuna da ke. Wa ya sani ko ta nan zuciyata za ta sauko.

Ki gai da Baba da Inna da kyau, ki shafa mini kan Mubina.

Naki,
Labbo.


Birnin Kebbi,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Asiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Ina fata kuna lafiya, ya ruwa, ya jama'a? Na ji daɗi da kika ce tarin Mubina ya yi sauƙi. Ki gaya mata Babanta ya ji tana tambayarsa.

Takardarki ta iso. Na yi dariya ni kaɗai, domin kin cika gaba da baya da ban haƙuri, miya kuwa kin ba ta ɗan lungu a ƙasa. Na ga rantsuwar da kika yi cewa kin bar banda har abada, ko kifin gwangwani ba za ki sake buɗewa a gidana ba. Madalla, hankali ya fara shigowa. Na ga kuma kin ce ba ki iya fita ko bakin zaure saboda idon mata. Wannan kam sai haƙuri, kowa da abin da ya jawo wa kansa.

Yanzu ki ji labarin mijinki a kicin. Jiya na rufe tagogi duka, na toshe ƙasan ƙofa da tsohon zanenki, don kada ƙarni ya tsallaka katanga. Na kunna risho. Na jiƙa kifi a ruwan zafi yadda kika ce, amma da na zo ɓarewa sai ya ruguje mini a hannu, ƙaya da tsoka suka zama abu ɗaya. Daddawa kuwa da na kwance tsumman sai da na ja da baya. Ban san yadda abu mai wannan wari yake komawa daɗi a hannunki ba. Na kaɗa kuɓewa da maburgi har kafaɗata ta yi tsami, ta ƙi yauƙi. Sai na tuna ina ganin mata suna jefa kanwa, na aika aka sayo, na jefa dunƙule guda. Asiya, miya ta yi kumfa ta taso mini kamar za ta kama ni da kokawa, ta koma baƙa, ga ɗaci. Tuwon ma duk gudaji. Na ci loma biyu don kada in ji kunyar kaina, sauran na haƙa rami a bayan gida na binne.

Kin ga a nan na yarda kin fi ni. Ina zaune a kan turminki, idanuna na hawayen barkono, na ce ashe yarinyar nan aiki take yi duk ranar Juma'a ban taɓa ce mata sannu ba. Na ji tausayinki ƙwarai. Ban ce na yanke shawara ba, kada ki je ki gaya wa Inna abin da ban faɗa ba. Na dai ce na ji tausayinki.

Amma akwai abin da kika ɓoye. Miyarki tana da wani ɗanɗano can ƙasan harshe wanda babu shi a cikin bayaninki. Na yi miki zancen kwalbar nan ta lungu, sai kika ce in bar ta kawai, idan kin dawo za ki nuna mini da hannunki. Kai Asiya, yaushe kika koyi wayo? Wato kin riƙe mini abu ɗaya don in zo in same ki. Ban ji haushi ba, abin ma ya ba ni sha'awa. Sai dai ki sani kifin ya ragu sosai, kuɓewar ma haka. Bai fi in ƙara gwadawa sau ɗaya ko biyu ba su ƙare, kuma ba na son su ƙare a rami.

Ki sake rubuto mini yadda ake ɓare kifin ba tare da ya ruguje ba, da yadda kike dakan kawunan. Ki rage kuka a takardar, yana hana ni gane rubutun.

Ina gaida kowa da kowa.

Naki,
Labbo.


Birnin Kebbi,
ranar Talata.

Zuwa ga Asiya, uwar ɗiyata,

Assalamu alaikum warahmatullahi. Ina miƙo gaisuwa gare ki da Mubina, da Inna, da Baba idan zai amsa. Ina fata zafin nan bai takura muku ba. Nan ma muna fama.

Na ji Baba ya yi fushi, kuma na san dalili. Gaskiya ne, ni ya gani ranar kasuwa a Argungu, ba mai kama da ni ba ne. Aiki ne ya kai mu Augie duba gonakin albasa, a hanyar dawowa muka tsaya. Na shiga layin masu kifi ne don in ga yadda bandar kirki take, in gwada da taki. Na hango shi yana zaune a kan tabarmarsa, na ga ya miƙe yana gyara hula. To ki yi mini adalci. Ina tare da Darakta da Dikko, a motar ofis. In ja su in ce ga surukina, da hannunsa duk ɓawon kifi? Sunan da na samu ya fara kwanciya sai in tashe shi da kaina? Na ɗaga masa hannu daga nesa, ban san ko ya lura ba. Gidanku kuwa babu lokacin biyowa, ko da yake na ga bakin lungunku ta gilashi, har na ga an sake yaɓen katanga. Ya yi kyau.

Kin ce Mubina ta ji labari ta fita da gudu har bakin titi ba takalmi. Ki riƙa kula da ita, motoci sun yi yawa yanzu.

Na karanta inda kika ce kin shiga tsarkin ƙarshe, abin da ya rage miki na idda kaɗan ne, kuma idan ya wuce sai da sabon ɗaurin aure, wanda Baba ya rantse ba zai sake ba ni ba bayan abin da ya faru a kasuwa. Na gane. Ba sai kin ja layi a ƙarƙashinsa har biro ya huda takarda ba. Ni ma ina lissafe.

Ga inda muka tsaya. Na sake gwada miyar ranar Juma'ar da ta wuce, kuma an samu ci gaba. Kifi ya ɓaru lafiya, na daka kawunan na tace kamar yadda kika koya mini, tuwo ya yi laushi har na yi masa malmala. Amma miyar tana nan salam, kamar mace kyakkyawa marar fara'a. Abin da ya rage a kicin yanzu na tukunya ɗaya ne tak. Kuma har yanzu kin ƙi gaya mini abin da ke cikin kwalba.

Asiya, ki yi tunani. Ina nan ina ƙoƙarin shawo kan zuciyata a kanki, ke kuma kina ciniki da ni. Yaya namiji zai mayar da matar da ke ɓoye masa abin da ke cikin kicin ɗin gidansa? Aure amana ne. Idan kin yarda da ni, ki saki abin nan da kika riƙe, ki bar sauran a hannuna. Kin ce shi kaɗai ya rage miki da zai sa in neme ki. Wannan magana ta ɓata mini rai, domin ta nuna kin ɗauke ni mutumin da ciki ke ja.

Ki ba Arzika amsa gobe, kada ki wuce gobe. Ranar Juma'a zan dafa tukunyar ƙarshe. Idan na ci na ji ta yadda na san ta, to Asabar ba ni da aiki, kuma Argungu ba nisa. Ba zan ce komai fiye da haka a takarda ba, amma in ni ne ke, zan wanke kayan Mubina in ninke.

Ki ba Baba haƙuri a madadina, kin fi ni sanin yadda ake lallaɓa shi.

Naki har kullum,
Labbo.


Birnin Kebbi,
ranar Laraba.

Zuwa ga Malama Asiya Hodi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyayenki da Mubina, ina yi miki addu'ar Allah ya ba ki haƙuri da juriya. Ni ina nan lafiya, har na fara mayar da jikina.

Da farko na gode. Amsarki ta zo a kan lokaci, kuma kin yi bayani tsakani da Allah, ba ki rage komai ba. Ashe ruwan toka ne. Ashe karan gero ake ƙonawa, a zuba tokar a ƙwarya mai huji, a shimfiɗa ciyawa a ƙasa, a bar ruwa ya riƙa ɗiga a hankali. Ashe kuma ba a zuba shi sai daddawa ta nuna, rabin ludayi, kafin a kaɗa kuɓewa. Na yi ta mamakin yadda ƙaramin abu haka ya wahalar da ni.

Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga kicin. Na karkaɗe buhun shinkafa har ƙura, na kankare gwangwanin kuɓewa, na ɗauraye kwalbar man shanu da ruwan zafi na juye a tukunya. Ban bar komai ba. Da na zuba ruwan tokar, Asiya, sai miya ta haɗe, ta yi yauƙi, ta yi wannan kore mai duhu da na sani. Ƙamshi ya cika gida har na manta ban rufe taga ba. Can sai ga sallama, wai matar Darakta ce ta aiko a tambaya me ake dafawa. Na zaci ƙorafi ne. Ashe so take a ɗan sam mata. Na zuba a langa na aika, langar ta dawo a wanke da lemo a ciki. Dikko ma ya zo ya ci har yana siɗe hannu. Da suka tambaye ni inda na koya, na ce miyar marigayiya mahaifiyata ce. Kada ki ji wani abu, kin san ba zan iya kawo sunanki a wannan wurin ba. Yanzu a ofis ba mai ce mini Sarkin Ruwa, sai dai a tambaye ni yaushe za a sake.

Da kowa ya watse na zauna da kwanona ni kaɗai, na ci a natse. Na yi niyya tsakanina da Allah in saurari zuciyata, in ji ko za ta ce in tashi in tafi Argungu. Na cinye, na sha ruwa, na jingina da bango. Na ji ni daidai, ba abin da ya rage mini. A nan na gane cewa duk ramar da na yi da rashin barcin, ba ke nake kewa ba, miyar ce. Na ga bai kamata in yaudare ki in dawo da ke a kan kuskure ba. Kin san ni, ba na son zalunci.

Shi ya sa ba ki gan ni ranar Asabar ba. Arzika ya gaya mini kin yi kitso da lalle, kin ɗaure kaya tun safe, Inna ta yi fura, Baba ma duk da fushinsa bai je ruwa ba, ya shimfiɗa tabarma a zaure har la'asar. Ban ji daɗin jin haka ba. Amma ki koma ki duba takardata, ban ce zan zo ba, cewa na yi Argungu ba nisa. Saƙonki na ranar Litinin ma ya iso, inda kika ce idda ta cika. To alhamdulillahi, Allah ya yanke mana wahala, kowa ya san matsayinsa. Maganganun da kika ƙara a ƙasa na yafe miki, na san zafin rai ne.

Sauran kayan ɗakinki zan sa a ɗora wa Arzika a ƙarshen wata. Turmi da maburgi da tukunyar ƙasa dai zan riƙe, tunda hannuna ya saba da su, kuma a gidanku ba a rasa irinsu. Kada ki damu da ni ta wajen kayan miya. Na samu wani a Zauro da zai riƙa kawo mini karan gero da shinkafa, kifi kuwa akwai a kasuwar nan, ko da yake bai kai bandarki ba. Kin ga rantsuwar da kika yi ta barin banda ma yanzu ta faɗi, sai ki koma sana'arki, hannunki na da albarka.

Saura zancen Mubina. Ke yarinya ce, ga kyau, na san ba za ki daɗe ba wani zai fito, wataƙila cikin mutanenku na bakin ruwa wanda hayaƙi ba zai dame shi ba. Ina yi miki fatan haka da zuciya ɗaya. Amma ba zan bar ɗiyata ta zama agola a gidan wani ba. Ranar da aka ɗaura miki aure zan aiko a ɗauko ta. Kafin nan ina roƙonki alfarma ɗaya, ki riƙa zaunar da ita kusa da ke a bakin murhu, ki koya mata ɓarar kifi da tatar toka tun hannunta na ƙarami. Aiki na ƙaruwa a ofis, ba kullum zan samu sukunin shiga kicin ba.

Ki gai da Baba da Inna. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Wassalam,
Labbo.